Yayen Ladi

Jikata da ke aiki a Abuja ta kira ni makon jiya, irin kiran nan da ake ganin fuska, ta ce mini ta yaye ɗanta. A tsakiyar hira ta faɗa, tsakanin tsadar iskar girki da cunkoson motoci, kamar mai ba da labarin ta canza labule. Na tambaye ta wa ya karɓe shi. Ta ce, "Karɓa kamar yaya, Kaka?" Na ce ina nufin wa aka kai wa shi. Ta yi dariya har hoton ya girgiza, ta ce ba wanda aka kai wa, a waya ta karanta yadda ake yi, ana rage masa ne kaɗan-kaɗan har ya manta. Na ce madalla. Na kwashe rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane cewa karatu yana maganin komai, ba ni da bakin gardama yau da ya kai ga maganin kaka. Amma da ta kashe wayar na daɗe a zaune, ina tunanin yayen uwarta, da matar da ta yi shi.

A lokacin muna haya a Kafanchan, ɗaki biyu a wani gida mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ni da mijina duk malaman firamare ne, a shekarun da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, aji ya cika har wasu suna ɗaukar darasi ta taga. Garin ba ya bukatar agogo. Jirgi ya yi kuka, ƙararrawar majami'a ta amsa, kiran salla ya taso daga cikin gari, sannan taɓare su fara faɗawa cikin turame gida-gida. Jaririn da aka haifa a unguwarmu yakan firgita da kukan jirgi a makon farko, bayan nan kuma sai in jirgin ya makara ne yake kasa barci. Renon yaro kuwa rabinsa wanki ne. Yanzu ana naɗe ƙazantar jariri a jefar kamar takardar ƙosai. Mu muna dafa nafkin a garwa, mu cuɗa, mu shanya su farare a igiya, duk mai wucewa ya san irin matar da ke cikin gidan. Da damina sai a bi su da dutsen guga na gawayi, ɗakin ya yi ta ƙamshin hayaƙi da sabulu. Ba na cewa ya fi. Hannuwana ba su manta ba. Sai dai a wancan lokacin ba a barin mace ta yi shi ita kaɗai, kuma ba a barinta ta yi shi yadda take so.

Ladi ce 'yarmu ta fari, ran Lahadi ta zo, muka huta da neman suna. Yarinya ce mai ra'ayi tun ba ta da haƙori. In ta ƙi abu, sai ta rufe baki ta kalle ka kamar sufeton makaranta. In zan tafi aiki ina barinta wajen Gwaggo, wata dattijuwa Musulma 'yar asalin cikin gari da ke suyar ƙosai a ƙofar gidanmu, in an buga tara in ruga in ba ta nono a tsaye, in koma da alli a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana gyara riga. Mun sha zazzaɓin haƙori tare, mun sha ƙyanda, mun sha ranar da ta haɗiye maɓalli muka zauna zaman jiransa kamar baƙon da ya yi alkawari. Ta fara tafiya tana dafa bango, ta fara kirana da wani abu mai kama da "Mama", sai wata safiya na zo wucewa ta gaban kaskon Gwaggo na toshe hanci.

"Malama, dawo nan," in ji Gwaggo. "Ƙosaina ne ya lalace yau, ko mu fara yi wa Malam barka?"

"Gwaggo, man ne ya ƙone."

"Man da kike sha kullum? Juyo in ga idonki." Ta duba, ta koma kan kaskonta. "Kin rurrutsa, 'yar nan. Ga wata a baya ba a sauke ba, ga wani a gaba. Ku masu boko komai sai kun yi sauri."

Ban gaya wa kowa ba, Gwaggo ma ta rantse ba ta gaya wa kowa ba, amma ranar kasuwa ta gaba sai ga uwar mijina ta sauka daga motar katako ta Kagoma, da kwandon doya a ka. Labari a wancan zamani ba ya bukatar waya.

Mama muke kiranta. Gajeruwa ce, busasshiya, tafin hannunta kamar bayan gwaza saboda noman citta. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a gidanta. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "shi" ne a bakinta, mace da namiji da akuya, kuma ni da nake cire wa yara maki a kan haka ban taɓa samun ƙarfin halin gyara mata ba. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yi addu'a, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki Ladi daga cinyata.

"Wannan nono ba nashi ba ne kuma. Na wanda yake ciki ne. In ya sha, zai yi zawo, zai rame. Zan tafi da shi."

Na ce, "Mama, a asibiti sun ce ba komai, zan iya ci gaba har..."

"Asibiti ya haifi nawa?"

Malam ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Haka al'ada take a wajenmu duka, Kirista da Musulmi: in lokacin yaye ya yi, kaka ce ke karɓa, uwa kuma ba ta leƙawa sai yaro ya manta da nono, don in ya gan ta aikin ya koma baya. Ni kaina a hannun kakata aka yaye ni a Manchok. Na sani, na yarda, na ma taɓa ba wasu mata haƙuri a kansa a zumuntar mata ta majami'a, da murya mai daɗi. Washegari na raka su tasha. Ladi tana bayan Mama tana cin ƙosai, ta ɗaga mini hannu kamar yadda take yi kullum in zan tafi makaranta. Ta ɗauka zan dawo in an buga tara.

Ba a gaya wa mace cewa jikinta ba ya jin al'ada. In an buga tara sai nono ya kawo, ina tsaye gaban allo ina koyar da tilo da jam'i rigata tana jiƙewa, in rungume rajista a ƙirji kamar mai tsananin son aikinta. Igiyar shanya ta zama wayam. Na kan dafa ruwa da safe, sai ya tafasa in tuna ba wanda zan yi wa wanka. Malam yakan hau babur ɗin abokinsa ya je Kagoma in wata ya ƙare, ya dawo da rahoto irin na maza.

"Tana lafiya. Ta yi ƙiba."

"Sai me?"

"Tana bin kaji."

"Ta tambaye ni?"

"Ai... lokacin da na isa tana wasa ne."

An ce makonni kaɗan ne. Amma damina ta sauka, hanya ta lalace, cikina ya yi nauyi, aka ce mai ciki ba ta shiga motar katako a wannan taɓo. Mama kuma ta aiko cewa yaro yana jin daɗi, a bar shi sai an sauka lafiya, in ya so ta kawo shi in ta zo yi mini wankan jego. Haka makonni suka zama watanni. Na haifi namiji bayan an yanke acca, kuma kwana biyu da komawata gida na ji muryar Mama a ƙofa tana gaisawa da Gwaggo.

Na tashi da ƙyar na fito. Ta kwance goyo ta sauke wata yarinya mai askakken kai da jigida a ƙugu, ƙafafunta sun yi ƙarfi, kumatunta kamar an hura. Na durƙusa na buɗe hannu na ce, "Ladi! Zo, Mama ce." Ta kalle ni da wannan kallon nata na sufeto, ta ja da baya ta shige bayan zanen kakarta, ta faɗi wata magana da yaren Kagoma. Ni 'yar Manchok ce, yarenmu daban. Ni da Malam da Hausa muka yi soyayya, da Turanci muke faɗa. Na juya wajensa.

"Me ta ce?"

"Tana gaishe ki."

"Malam, kai ne ke karanta nassi ran Lahadi."

Ya gyara murya. "Ta ce wace ce wannan."

Kowa a tsakar gidan ya yi dariya, ni ma na taya su, don ban ga abin da ya rage mini ba. Suka ce kwana biyu ne za ta saba. Ba ta saba ba. Na saya mata riga mai fure, ta sa, ta je ta nuna wa Kaka. Na ba ta biskit, ta karɓa da hannu biyu kamar yarinya mai tarbiyya a gidan baƙi, ta kai wa Kaka ta ɓare mata. Na rera mata waƙoƙin da nake lallashinta da su, ta saurara cikin ladabi har na gama. A tabarmar Kaka take kwana, a kwanon Kaka take cin gwate, in Kaka ta shiga bayan gida sai ta tsaya a ƙofa tana gadi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne faɗuwa. Yaro mai wannan shekaru yini yake yana faɗuwa, kuma duk sanda ta faɗi sai ta tashi da kuka ta wuce ta gabana, har zanena yana taɓa ta, ta tafi wajen tsohuwar.

Ita kuwa Mama ba abin da zan ce ta rage ni da shi. Kafin jirgin safe ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganye, ta yi mini wankan da har yau in na tuna sai fatata ta motsa, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Jaririn kuma maigidanta take kiransa. "Maigida, ka tashi? Kai kullum barci, ba gona, ba cefane. Wane irin miji ne wannan aka ba ni?" Ladi tana manne a bayanta duk wannan hidima, su biyun suna ta hira da yarensu suna dariya, ni ina kallo kamar wadda ta shiga sinima bayan an fara.

Da kwanakin wanka suka kusa cika, Malam ya same ni ina ninke nafkin. Ya daɗe yana zagaye kafin ya iso.

"Malama, ina ganin mu bar Ladi ta koma da Mama."

Ya shiga jero dalilai. Ya ce ga jariri, ga makaranta, hutuna ya kusa ƙarewa. Ya ce ɗan fari na kakanni ne, shi ma a hannun kakarsa ya tashi har ya shiga aji uku, ga shi bai lalace ba. Ya ce yarinyar za ta sha wahala in aka raba su. Sannan ya faɗi wadda ta fi nauyi, a hankali: tsohuwar ita kaɗai ce, kuma tun rasuwar babansa bai ga tana dariya haka ba. Duk gaskiya ne, abin da ya ɓata mini rai ke nan. Na san yadda irin wannan take ƙarewa. Za ta tafi "sai ta isa makaranta", ta dawo mini baƙuwa mai gaishe ni da durƙuso, tana kirana Malama kamar sauran yara.

Wajen wanka ne kawai muke kaɗaita da Mama, don haka a can na yi magana, ina zaune a kan kujerar tsuguno, tururi ya rufe mu. Ba a yi wa suruka irin wannan magana, ban kuma san yadda ake sa mata zane ba, sai na faɗe ta tsirara kamar yadda nake.

"Mama, ina son 'yata."

Ta tsoma ganyen a ruwa. Sannan ta watsa mini a baya.

"Ya yi zafi?"

"Ya yi, Mama."

"To. Yi haƙuri."

Ni kuma na ɗauka amsata ke nan.

Washegari Ladi ta zo kamar kullum ta dafa bayanta tana neman goyo, sai Mama ta ture hannunta. "Bayana ya mutu. Tafi." Yarinyar ta ɗauka wasa ne, ta sake zuwa, Mama ta daka mata tsawa da yarensu, irin tsawar da ta sa kajin maƙwabta suka watse. Da rana ta janye kwanonta ta juya mata baya ta ci ita kaɗai. Da Ladi ta bi ta bakin rijiya tana kuka, ta zaro tsinken tsintsiya ta tsula mata a ƙafa. Kwana da kwanaki haka. Yarinyar tana bin ta tana kiranta, muryarta har ta dushe, tsohuwar kamar dutse. Na cika na batse. Na ce a raina wannan mata ta ji haushin maganata ne take hucewa a kan 'yata. Malam ya yi mata magana da yarensu, ta ba shi amsa gajeruwa, ya dawo ya ce mini ta ce ya je ya yi makin littattafansa.

Wata ranar Asabar da hantsi Mama tana surfa acca a turmi, ina zaune a ƙofar ɗaki ina ba jariri nono. Ladi ta biyo wata kaza da gudu, ta yi tuntuɓe da bakin kwata, ta faɗi a kan gwiwa. Jini ya fito. Ta tashi da ihu ta nufi turmin, ta rungume ƙafar kakarta. Mama ba ta ko dubi ƙasa ba. Ta janye ƙafarta, ta faɗi kalma ɗaya mai kaifi, taɓaryar ta ci gaba da sauka. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar gida, baki buɗe, jini yana gangarowa, tana dube-dube kamar wadda aka sauke a tashar da ba tata ba. Na zare nono daga bakin jariri na kwantar da shi a tabarma, ya fara nasa kukan, ban kula shi ba. Ban kira ta ba, don na gaji da kiran da ba a amsawa. Na dai zauna da hannuwana a buɗe a kan cinya. Ta kalli Kaka, ta kalle ni, ta sake kallon Kaka. Sannan ta taho, ba da gudu ba, tana jan ƙafa, ta kama bakin zanena, ta kifa kanta a cinyata.

Na wanke ciwon, na goya ta duk da an hana mai jego ɗaukar nauyi, na yi ta zagaya tsakar gida har ta yi barci, numfashinta yana dukan wuyana. Duk wannan lokacin taɓaryar ba ta tsaya ba. Accar da za a yi gwate da ita sai da ta zama gari.

Da na kwantar da ita na zagaya bayan kicin neman itace, na tarar da Mama a tsugune, ta cusa fuskarta cikin majanyin da take goya Ladi da shi, kafaɗunta suna rawa, ba sauti. A garinmu matar da ba ta da inda za ta kai yaye takan shafa ɗacin shuwaka a nono, yaro ya kama ya saki da kansa. Ita ba nono yarinyar take nema a wajenta ba, ita ɗin take nema, don haka kanta ta shafa wa.

Na ce, "Mama, ya isa haka."

Ta share fuska da sauri, ta harare ni kamar na kama ta tana sata. "Bai isa ba. In na yi masa dariya sau ɗaya, ya dawo. Ke je ki, maigidana yana kuka."

Ba ta yi dariyar ba har ranar tafiyarta. Ta ɗaure kwandonta, ta yi wa jariri sallama da tsokana, ta yi mana addu'a doguwa. Da ta zo kan Ladi, yarinyar ta ruga ta ɓuya a bayan zanena, tana leƙenta da ido ɗaya. Mama ta tsaya ta dube ta, ta gyaɗa kai, ta ce, "Yauwa." Ba ta taɓa ta ba. Ta fita, Malam yana biye da ita da kaya, ba ta waiwayo ba.

Yaren Kagoma ya zube daga bakin Ladi kafin damina ta zagayo. Mun riƙa zuwa Kirsimeti, amma ta ci gaba da gudun tsohuwar, ita kuma ba ta taɓa neman gyara abin ba, sai dai ta tura mata cinyar kaza ta hannun wani. Ta rasu Ladi ba ta gama aji ɗaya ba.

Yau Ladi da furfurarta, ita ma kaka ce. Na ba ta labarin nan ba sau ɗaya ba, na gaya mata wa ya goye ta duk damina, wa ya tauna mata abinci, wa na tarar a bayan kicin. Takan saurara, wani lokaci har idonta ya kawo ruwa. Sai ta ce, "Na yarda, Mama. Amma ni in na rufe ido, tsinken tsintsiyar nan kawai nake gani."